Babban Baƙi Ya Ci Lambar Yabo

A duk faɗin ƙungiyar masu gwajin ido da yanka tabarau, ba a taɓa yin ɗan sa-kai irin jagoran shiyyarmu ba. Wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce, daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba. Ga shi da tausayi. Idan ya ga muna kinkimar akwatunan gilasai zuwa makarantu don duba idon yara kyauta, sai zuciyarsa ta karye, ya kasa kallo, ya koma mota ya kunna sanyi.

Babban Baƙi muke ce masa. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar gwaji ya san allon nan na bango, mai ƙaton harafi guda a sama da ƙanana jere a ƙasa. Na saman ko mai hakiya yana ganinsa, gwajin kuwa ƙananan ke yi. Ranar da sunan ya faɗa kunnensa sai ya ji kamar "Babban Baƙo" aka ce, ya yi murmushi, ya roƙe mu mu daina fasa masa kai. Ba mu daina ba.

Kada a zalunce shi, yana sa kai. Da mai hoto ya ɗaga kyamara, sai ka ga kan nan ya ɓullo ta tsakanin kafaɗun mutane, tas da shi, babu ɗigon gumi. Akwai hoton da ya sa kai har ya rufe yaron da aka zo ba wa tabarau.

Abin da ya sa a gaba bana shi ne lambar Gwarzon Sa-Kai, wadda ake bayarwa a taron shekara na 'yan sa-kai na dukkan shiyyoyi. Tun taron yana nesa ya sauke hoton aurensa daga bangon falo, ya bar ƙusar tana jira. Da matarsa ta tambayi dalili, ya ce, "Uwar yara, ke kullum ana ganinki. Tarihi ne zai shigo gidan nan."

Ranar taro ya iso zauren otal da tabarau biyu, ɗaya a ido, ɗaya rataye a ƙirji, alhali idonsa garau yake. Ya tarar an ajiye katin sunansa a teburinmu, kusa da ƙofa. Bai yi fushi ba. Ya ɗauki katin cikin natsuwa ya kai shi babban tebur, ya matsar da na ma'aji gefe, ya sha ruwan da aka ajiye wa bawan Allahn.

Aka shiga ba jagororin shiyyoyi dama su faɗi aikin shekara. Kowa ya tashi ya gode wa mutanensa ya zauna. Da aka zo kan namu, sai da ya ƙwanƙwasa makirufo, ya sauya tabarau, ya jira majigi ta haska fuskarsa a bango.

"Ranki ya daɗe Shugaba, 'yan'uwana ma'abota gani," ya ce. "Ni ba na son yabon kai, amma gaskiya ta fi ƙarfina. A shiyyata ni ne mai ɗauka, ni ne mai saukewa. Ni ke gwaji, ni ke goge gilashi, ni ke lallashin yaron da ke tsoron maganin ɗigawa. Mutanena kuwa, Allah ya saka musu, suna taya ni da addu'a."

Maganar ta yi mana ciwo, ba zan ɓoye ba. Babbar yayarmu a aikin, wadda bayanta bai warke ba tun akwatin ƙarshe da ta ɗauka, ta cire tabaranta ta goge ta mayar, ko wani ne daban ke tsaye a gaban.

Shugabar ƙungiya dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Ɗan'uwa, duk kai kaɗai?"

"Daga ni sai Mahaliccina, ranki ya daɗe."

Ta sake tambaya, ya dafa ƙirji ya rantse. Ta juya ta yi ƙus-ƙus da na kusa da ita, sannan ta miƙe ta kira shi Gwarzon Sa-Kai na bana. Ya rungume lambar, ya zaro hankici ya tare hawayen da bai riga ya iso ba.

Shugaba ta ce ba ta gama ba. Ta ce shiyyar da ke maƙwabtaka da mu ta daɗe tana kukan ƙarancin hannu, kuma ba daidai ba ne a bar ƙwararru a zaune suna addu'a alhali ana neman su a wani wuri. Saboda haka daga yau an mayar da mu can gaba ɗaya. Shi kuma zai ci gaba da riƙe shiyyarsa kamar yadda ya saba, kuma don a ƙara girmama shi, shiyyar tasa ce za ta karɓi baƙuncin taron baɗi.

Tunda muke da shi ba mu taɓa yi masa tafi da zuciya ɗaya ba sai ranar. Yayarmu har da tsayuwa, ta manta da ciwon baya.

Kafin a watse, mai gabatarwa ya tuna wa jama'a tsarin ƙungiya, cewa shiyyar da za ta karɓi taron baɗi ita ke kwashe kujerun na bana. Muka fita a hankali, muna yi wa juna bismillah a ƙofa. Muka bar shiyyar tsaye a gaban zaure, rungume da lambar yabo, tana kallon kujeru.