Rasuwar Uwar Rugugi, Mai Inci Goma Sha Takwas

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Kafinta na bakin layi da iyalansa suna sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna haƙuri, rasuwar babbar sifikar motarsa, wadda aka fi sani da Uwar Rugugi. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a filin gasar ƙarar sauti, tana da shekara huɗu a duniya.

Marigayiyar ba mai surutu ba ce. Kalmarta ɗaya ce tak, "Buuum," amma in ta furta, sai kwanukan gidan maƙwabta sun amsa. Ta tsaga gilashin gaba sau biyu, ta kakkaɓe madubi ba adadi, ta ciyo wa maigidanta kofi uku. Ba ta taɓa jin kunyar kowa ba, har likitan kunne.

Kafinta da hannunsa ya gina mata ɗaki. Ya ciro kujerar baya ya ajiye a falo, wai na mako biyu. Ya riƙa shigar da katako falle-falle, ya haɗa mata akwati a cikin motar, ninki uku, da gam da ƙusa, ya toshe kowace kafa don kada iska ta tsere. Mutumin da ba ya ɗora zarto sai ya auna sau biyu, ya auna komai a motar nan ban da ƙofa. Da aka gama, akwati ya fi ƙofa faɗi da taƙi guda. Ba ya fita sai an daddatsa shi.

Tun daga ranar motar mutum biyar ta koma ta mutum biyu. In za a je gaishe da tsohuwarsa, maiɗakinsa da 'ya'yansu uku su shiga motar haya, shi ya bi su a baya shi kaɗai kamar ɗan rakiya. Maiɗakin ba ta taɓa yi masa faɗa ba, abin da ya fi cin ransa ke nan. Sai dai in tana goge kujerar nan a falo ta ce, "Baban yara, har yanzu mako biyun bai cika ba?" Rannan ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ranar da sifikar nan ta mutu, a ranar zan sa wa akwatin zarto."

Gaskiyar magana, Kafinta ya gaji tun bara waccan. To amma ta ina zai fita? Cikin abokansa, Mai Walda ne ya ƙarfafa masa ƙofofi, Mai Batir ya ja waya, Dogo kuwa ya ba da ƙirjinsa. Domin a gasar nan, in an manna na'urar awo a jikin gilashi an rufe mota ruf, abokai ne ke jingina da jikinsu su danne ƙofofi da rufi, kada sauti ya zurare. Shekara huɗu haƙoran mutanen nan suna kaɗawa saboda shi. Ya dube su ya ce ya daina? Gaba kura, baya sayaki.

Jinyar marigayiyar ba ta yi tsawo ba, daƙiƙa uku ce. Kafinta na tsaye a waje riƙe da mamurɗin ƙara mai doguwar waya. Jar fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa, wanda ko sabon shiga ya san ana nufin a sassauta. Yana gaya wa masu ta'aziyya cewa hannunsa ne ya zame. Allah shi ne masani, amma hannun kafinta bai cika zamewa har ƙarshen mamurɗi ba. Marigayiyar ta ce, "Buuu... kirrr... tak," ta yi shiru, hayaƙi da ƙauri suka cika motar. Ya durƙusa ya rufe fuska da tafin hannu, jama'a suna ta ba shi haƙuri. Rabonsa da jin sanyi a ransa irin na lokacin har ya manta. Yana komawa shago ya hau wasa zarto yana 'yar waƙa.

Ta rasu ta bar amfilifaya biyu masu ƙara mata murya, batir shida, da waya mai kaurin babban yatsa, dukansu marayu.

Washegari 'yan ta'aziyya suka iso gida, abokan nan su uku, suna niƙi-niƙi da kwali. Mai Walda ya zo a ƙasa, domin babur ɗinsa ya sayar. Suka dire kwalin a tsakar falo, gaban kujerar, suka buɗe. Ƙanwar marigayiyar ce, uwa ɗaya uba ɗaya, inci goma sha takwas cif.

"Ɗan'uwa, share hawayenka," in ji Mai Walda. "Muna raye ba za ka zauna da rami a mota ba."

Dogo ya daki ƙirji ya ce, "Wata mai zuwa kofin nan namu ne!"

Maiɗakinsa na tsaye a bakin ƙofa da tsumman goge-goge a hannu. Kafinta ya dube ta, ya dubi ƙafafun Mai Walda da suka yi butu-butu da ƙura. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gode. Allah ya bar zumunci."

Za a kwance sukurori takwas a fito da gawar ranar Laraba da ƙarfe goma, a ƙofar shagon mai makoki, daga nan a miƙa ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Akwati ba za a taɓa shi ba. Ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura ƙanwar. Ana roƙon masu rakiya kowa ya nemi abin hawansa, domin motar mutum biyu take ɗauka. Iyali za su biyo baya a motar haya.