Legas ɗin Baban Binta

Shekaranjiya a ƙasa na taka daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, domin bas-bas duk suna layin mai, ɗan acaɓa kuwa ya yanka mini kuɗi kamar babur ɗin zan saya. Tare muke da maƙwabciyata Uwani mai waina, da Binta, 'yar ƙaninta da take riƙo. An ce sabon kwamitin jin ƙan yara zai raba tallafi, kowace mai riƙo ta zo da dattijon unguwa ya shaide ta. Da aka duba dattijon da ba shi da aikin yi, sai aka yi mini sallama.

Uban Binta, Lawan, kwandasta ne. Rigima ta ɓarke a tasha tun zamanin soja, aka kwashe har da shi. Soja sun koma bariki, shi bai koma gida ba, yana can yana jiran shari'a. Uwar yarinyar kuwa ta rasu. Kun san halinmu, ba a gaya wa yaro irin wannan. Duk layinmu aka haɗa baki cewa Lawan ya tafi Legas neman kuɗi. Da salla Uwani takan sayo takalmi ta ce shi ya aiko. Ni ba na ƙarya, ko ta alheri ce, kuma na faɗa mata haka. Ta ce to in kama bakina, shi ma ibada ne. Na kama.

Mun tarar da rumfa da kujerun roba da lasifika huɗu. Mai Girma Sarkin Yanka Zare ya iso bayan azahar, Hajiya Uwar Yara ta Gaban Kyamara tana biye. Suka ce romon dimokuraɗiyya ya iso. Muka gyara zama.

Romon dai riga ce mai gajeren hannu. A ƙirjinta an rubuta da manyan baƙaƙe: 'YA'YAN FURSUNONI MA 'YA'YA NE. Kuma don kada a ce an yi maguɗi, mai lasifika ya riƙa kiran kowane yaro da sunan ubansa da gidan yarin da yake. Allah ya saka wa masu girma, ban taɓa ganin sun fito da gaskiya fili haka ba. Ko a zaɓe.

Binta tana aji uku, kuma ni na koya mata haɗa baƙi. Da aka sa mata rigar, sai ta sunkuyar da kai tana karanta ƙirjinta, leɓenta na motsi. Uwani ta yi wuf za ta juya rigar ciki waje, wani ma'aikaci ya hana, wai za ta ɓata hoto.

A hanyar dawowa Uwani ta fara kame-kame, wai kuskuren masu ɗab'i ne. Yarinyar ba ta dube ta ba, ni ta duba.

"Baba Malam, kai ba ka ƙarya. Gidan yarin nan ya kai Legas nisa?"

Na ce a'a, cikin gari ne, bas ɗaya ake shiga.

"To me ya sa ba a kai ni ba?"

Ni mai wa'azin gaskiya sai na ƙara sauri.

Jiya na koma na tambayi kwamitin ko akwai tsarin kai yara su ga iyayensu, ko tsarin tuna wa kotu da masu jiran shari'a. Aka ce kasafin bana ya tafi a wayar da kai. Na ce lallai, kan mutum ɗaya dai ya waye, ni shaida ne.

Asabar za mu kai ta, ni da Uwani, ko da mai ko babu. Binta ta ce takalmanta na salla za ta sa, ta ga ko zai gane su. Uwani ta tashi ta shige ɗaki.

Rigar kuwa ba ta tashi a banza ba, ranku ya daɗe. Da ita ake goge tanda yanzu, kuma an ce tana shan mai sosai.