Ganuwar Tantabaru

Ba a daɗe da ba mu jiha ba surukina ya zo Gusau daga Kano. Ni da nake ji da sanin tarihi, na kai shi Dutsen Kwatarkwashi. A gindin dutsen muka tarar da wani rusasshen gini mai ramuka. Na gyara hula.

"Baba, ragowar ganuwa ce. Ta ramukan nan kakanninmu suke harba kibiya."

Har ƙwalla ya yi, ya sa mai hoto ya ɗauke mu.

Sai wani manomi ya ajiye fartanya. "Malam, wanga ɗakin tantabaruna na. Ruwan bara ya ka da shi."

Na sake gyara hula.

Hoton yana zauren surukina har yau. Kowane baƙo sai ya nuna masa: "Ga surukina, Sarkin Yaƙin Tantabaru."