An Rage Nata, An Ƙara Nasa

"Ina gajiya, Tsoho? Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Kai ne dai ban yi kewarka ba."

Tsohon kafinta yana zaune a baranda, kan kujerar da ya ƙera da hannunsa, kofin shayi a gefensa. Mai gaishe shi jikansa ne, tela, wanda kowa ke kira Dogo, ya shigo rungume da kaya a leda. Tun ranar da likita ya ce jinin Iya, matar tsohon, ya hau, shi kuma sukari ya yi masa yawa, gidan ya rabu biyu. Iya ta rage gishiri da mai, kullum da safe tana fita tattaki da tsofaffin unguwa. Shi kuwa ya ce kujerarsa ba ta yi masa laifin komai ba da zai guje ta.

"Ina amaryata?" in ji Dogo, yana leƙa ɗaki.

"Matata dai. Ta tafi yawon da ka koya mata. Ina sukarin da na aike ka?"

"Mai kanti ya ce ya ƙare."

"Sukari ya ƙare a kanti?"

"Ya ce duk ka shanye. Wai in ana son saura, sai dai a tatsa a jikinka."

"Ɗan banza. Da hannuna na karɓe ka ranar da aka haife ka, kanka kamar guduma. Na ce a mayar, aka ƙi ji. Mene ne a ledar?"

Dogo ya zauna a dakali ya fara fito da kaya. Rigunan Iya ne, a goge, a ninke.

"Na rage mata su. Duk sun yi mata yawa, sai iyo take a ciki."

Tsohon ya ɗauki guda ya ɗaga, ya daɗe yana kallon ƙugun rigar.

"Wa ya auna ta?"

"Ni mana."

"Da izinin wa?"

"Da izininta. Har cewa ta yi ango ya fi tsohon miji sanyin hannu."

"Ƙarya kake. Riga mai ƙugu irin wannan ai tun ubanka yana goye rabon da ta shige ta. Kai dai ka matse ta ne don a riƙa kallon ta a titi."

"Ana kallon ta kuwa. Ga naka." Ya zaro wando ya warware shi, ya buɗe hannuwansa iyakar tsawonsu. "Ita na rage, kai na ƙara. Ƙyallen da na yanke a rigunanta ma bai isa ba, sai da na haɗa da labulen shago."

"Wankewa ce ta sa ya tsuke."

"To ruwan gidan nan yana da son kai. Naka ya tsuke, nata ya buɗe."

"Wannan cikin da kake gani, rufin asiri ne. Kai da ka yi kama da sandar labule, me ka sani? In iska ta taso sai an ɗaure ka a jikin ƙofa."

"Ni dai ina ganin yatsun ƙafata in na tsaya. Kai sai dai a ba ka labarinsu."

Tsohon ya kurɓi shayi, ya yatsina fuska. Iya ce ta haɗa kafin ta fita, ba sukari ko ƙwaya.

"Ka ɗanɗana ka ji. Ruwan wankin kofi. Da can, matar nan in na yi tari sai ta taso. Yanzu da gari ya waye ta ɗaura takalmi, ta ajiye mini wannan, ta fice. Ta dawo tana dariya, wai wane ya ce kaza. Kullum wane ya ce kaza."

"Wane wa?"

"Ka fi ni sani. Tsohon direban nan na ƙarshen layi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a zaune bayan sitiyari, yau shi ne shugaban masu tafiya. Har hular rana ya saya."

Dogo ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ba da ni kake kishi ba. Na ɗauka ni ne abokin takararka."

"Kai? Kai ai ko kyauta aka ba ta kai, sai ta nemi canji."

"To ka kwantar da hankalinka. Direba yana da kirki. Shi yake riƙe mata gorar ruwa."

"Gorar ruwa."

"In an zo tsallaka kwata kuma ya tsaya ya jira ta. Ya ce tun da ya bar lemon kwalba gwiwarsa ta saki, yana jin kansa kamar saurayi."

"Saurayin da haƙoransa ke kwana a kofi. Ni lokacin da nake ɗaukar ƙofa guda a kafaɗa in hau bene da ita, shi ko tayar mota sai an kama masa."

"Lokacin da. Yanzu fa?"

Tsohon ya ture kofin shayin gefe. Dogo ya ninke wandon a hankali, ya ɗora a gwiwarsa.

"Iya ta gaya mini ka taka ƙusa a bayan gida, ba ka ji ba, sai da ta ga jini a takalminka."

"Bakin matar nan ba ya rufuwa."

"Kuka ta yi, Tsoho. Ta ce likita ya gargaɗe ka kan ƙafar nan. Ni kuma ban iya ɗinka wando mai ƙafa ɗaya ba, kada ka ja mini."

Tsohon ya sunkuya ya dubi ƙafar, ya motsa babban yatsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka ɗauka ban so in bi ta ba? Na gwada, ita ba ta sani ba. Ban kai shagon mai aski ba numfashina ya tsaya. Sai in fita cikinsu in zauna a bakin hanya ina haki, direba ya dawo ya miƙo mini gora a gaban matata?"

"To kada ka fita cikinsu. In na rufe shago da yamma zan zo mu bi ta bayan layi, ni da kai. Mu fara da shagon mai aski. In mun saba, mu ƙara gaba. Ranar da ka iya, sai ka fito da safe ka wuce direba ko sannu babu."

"Da kai? A gan ni da sandar labule?"

"Ka ce dogara kake da ni. Amma fa sai mun koma likita ya ga inda ƙusar ta shiga."

"Kana ba ni umarni a gidana."

"Gidan amaryata."

Daga bakin titi aka jiyo muryar Iya tana sallama da abokan tafiyarta, sai kuma wata murya ta namiji, mai kauri, tana cewa sai gobe in Allah ya kai mu. Tsohon ya miƙe tsaye da saurin da Dogo ya daɗe bai gani ba. Ya cusa hannu a aljihun rigarsa, ya lalubo, ya fito da alawa cike da tafin hannu, wasu har sun narke sun manne da takardarsu.

"Ashe kanti guda kake yawo da shi," in ji Dogo.

"Rufe mini baki, ungo kafin ta shigo." Ya danna masa su a hannu, dariya tana cin sa yana dannewa. "Ka zo da yamman. Waɗannan kuma ka kai wa direba, ka ce in ji ni ya sha duka, ya ƙara ƙarfi."