Gilashin Motar Alhaji Nasidi

Yabon gwani ya zama dole. Duk faɗin unguwar Fegge, daga masallacin Hausawa har bakin kogi, babu wanda ya san mota kamar Alhaji Nasidi, shugaban mahautan Anacha. Shaidar kuwa daga bakinsa ta fito, wa ya isa ya musa? Ya taɓa zuwa Inugu a gaban lori, kafaɗa da kafaɗa da direba, ya ga yadda ake murza sitiyari da idonsa. Tun daga ranar yaransa ke kiransa Injiniya, shi kuma yana amsawa.

Shekarar samun 'yancin kai, Turawa na tattara komatsansu, wani ya bar tsohuwar mota baƙa a bayan gida, kaji sun daɗe suna ƙwai a cikinta. Alhaji ya saye ta, aka turo ta har ƙofar gidansa. Aka tada inji, aka yi fenti, aka ɗinka kujeru da fatar da ya zaɓa da kansa. A nan kam ba a ja da shi. Saura gilashin gaba. Anacha babu, Inugu babu, sai a Fatakwal aka samo guda ɗaya tak, da robarsa da siririn ƙarfen adon da ke zagaye shi. In ya fashe, sai dai a aika Ingila.

Gaggawar tana da dalili. Sarkin Hausawa ya rasu, mutum biyu ke neman kujerar: Alhaji, da Dogara mai goro, wanda ko keke bai ajiye ba. Dattawa suka kasa raba gardama, suka aika Kano a kira Malam Hammadu, tsohon da kowa ke jin maganarsa, ya zo ya duba ya zaɓa. Malam bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Alhaji ya rantse a motarsa za a ɗauko baƙo daga bakin jirgin fito, shi yana harɗe kusa da shi a kujerar baya, Dogara kuwa ya biyo su a ƙasa.

Mai gilashin ya aiko da bayani: a sa roba a bakin gilashi, a cusa igiya a cikin kwarin robar, a jiƙa da ruwan sabulu, wani ya danna daga waje, wani ya ja igiyar daga ciki a hankali har roba ta kama ƙarfe. Da aka faɗa wa Alhaji, sai ya yi dariyar manya.

"Sabulu? Ni Injiniya, mota zan haɗa ko wankin zane zan yi? Bature na sa sabulu ne don ba shi da shanu. Tun ina yaro nake fiɗa, ban taɓa ganin abin da ya ƙi shiga ba in an shafa masa kitse. Ku kawo na tozo, mai kyau!"

Aka laɓta wa roba kitse ciki da waje. Idi direba ya ja igiya, mahauta suka danna, gilashi ya shige zuruf. Alhaji ya bi ƙarfen ado yana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa, ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Ku gaya wa mutanen Ingila su zo su koya, ba na karɓar kuɗin makaranta."

Abin da Injiniya bai tsaya tunani ba shi ne, sabulu bushewa yake ya kama, kitse kuwa rana yake jira.

Ranar zuwan baƙo, tun da hantsi ya kafa motar a bakin kogi don kowa ya more kallo. Jirgi bai iso ba sai azahar. Kafin nan kitse ya fara tsiyaya a kan bonet, ƙudajen Anacha duk sun hallara. Alhaji ya ce gumi take yi, alamar lafiyar inji ke nan.

Jirgi na tsayawa, Alhaji ya daka wa Idi tsawa ya tada mota, shi kuma ya fito ya maida ƙofa garam don a san mai ita ya iso. Sai gilashi ya sulalo waje, da robarsa da adonsa. Ba a san Alhaji na da zafin nama haka ba. Tsalle ɗaya ya dira a kan bonet, ya tare shi da ƙirji da tafuka biyu. Hula ta faɗa taɓo, babbar riga ta sha mai. Da ya ɗan sassauta, sai gilashin ya fara zamewa. Ya ƙara ƙanƙame shi, don ya san babu wani a duk ƙasar.

Jama'a suka kawo Malam. Dogara, mutum mai ladabi, ya buɗe masa ƙofa ya shiga, ya ga kujerar kusa da shi babu kowa, shi ma ya zauna. Haka aka ratsa Fegge, Alhaji kwance rub da ciki, yana yi wa Idi ihun hagu da dama tunda ya tare masa hanya, karnuka na biye suna lashe baki. Girman kai rawanin tsiya, yau ko rawanin ma babu.

A ƙofar masallaci Malam ya sauko, ya riƙe hannun Dogara a gaban dattawa.

"Wanda ya karrama baƙo haka, zai iya riƙe jama'a. Na gama dubawa."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, gilashi ya motsa, ya rufe bakin. Dattawan Fegge kuwa masu kunya ne, ba sa katse babban malami. Malam ya dubi mutumin da ke kan bonet cikin tausayi, ya ciro goro ya ajiye kusa da shi.

"Sai dai, Dogara, karen motar nan naka ya tsufa da wannan aiki. In an naɗa ka, ka nema masa gadi."