Miyar Umma a Taron Iyaye

Ba zan taɓa mantawa da taron iyaye na makarantarmu a Barnawa ba. Malamar Turancinmu, Madam Ngozi, ta ba kowannenmu kalma guda ya yi bayaninta a gaban jama'a. Ni "manage" ce ta faɗo mini. Sharaɗin Madam shi ne ban da kwafar ƙamus: a samo misali daga bakin mutane, a kuma faɗi wanda ya faɗa.

Ni kuwa ko kiran suna a aji da ƙyar nake amsawa. Umma ta ce za ta zo, ni kuma burina kawai kada in ba ta kunya. Sai na baza kunne, a hanya, a kasuwa, har a tsakar gidanmu.

Ranar taro na kafa wa fankar silin ido (dabarata ke nan ta guje wa fuskoki). Na fara da ma'anar gudanarwa, irin aikin manajan masana'anta a Kudenda. Ta biyu, haƙuri da matsi: mai Keke Napep da ya cunkusa mu a baya ya ce mu yi maneji. Aka ɗan yi dariya. Kaina ya fasu, bakina ya sake.

"Ta uku," na ce, "lallaɓa abu kaɗan har ya isa. Misali daga mahaifiyata. Ranar da Madam ta zo duba ni ina zazzaɓi, Umma ta tsuga ruwa a miyar kuka, ta ce, 'A yi maneji, ai baƙuwa ba za ta gane ba.'"

Can wani dattijo ya tuntsire da dariya. Sai a lokacin na sauko da idona daga fanka. Umma ta ja mayafi har hanci.

Madam ta karɓi makirufo, da Hausarta ta 'yan Sabo: "Hajiya, na gane fa. Ni ma maneji na yi."

Da muka iso ƙofar gida, Umma ta juyo ta dube ni.

"Ke da ba kya magana," ta ce, "ashe tarawa kike yi."

Tun daga ranar, duk misalin da zan bayar "wata mata" ce ta faɗa. Amma na makara. Har yau in muka yi baƙi, sai Umma ta aike ni shago kafin ta buɗe tukunya.