Ranar da Na Musanta Ɗana a Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga mahkama, wato kotun shari'a, a Makka ba. Saura ƙiris in rushe aikin shekara ashirin da bakina.

Ni ban yi karatu ba. Da ƙafa muka zo daga ƙasar Kano ni da maigidana, muka tsinci auduga a Sudan, muka haye teku. A Makka na haifi ɗana na fari. Bai kai shekara huɗu ba ubansa ya rasu. Na yi wa Larabawa daka, na yi wa alhazai wanki, na soya ƙosai a unguwarmu ta Mansur, na dafa abinci a Arfa rana tana cin ƙeyata. Shi kuma yana gaban malamai a Harami.

Ban taɓa kiran sunansa ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta san shi a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, yana amsawa.

Bayan yaƙin Turawa na biyu aka ce za a ɗauke shi aikin rubutu a mahkama, wato ƙofar zama alƙali. Amma sai an tabbatar ɗan waye, kuma ina aka haife shi. Uba babu. Sai ni.

Ya ce, "Inna, tambaya biyu ce kawai. Ki faɗi gaskiya."

Na ce, "Ka taɓa jin na yi ƙarya?"

Alƙalin tsoho ne mai farin gemu. Ɗakin cike da maza. Aka kawo tafinta, Malam Barau, wani Basakkwace mai sayar da carbi (na iya Larabcin kasuwa, amma na shari'a ya fi ƙarfina).

Alƙali ya nuna yaron, ya ce, "Ya Hajja, wannan ɗanki ne?"

Na kalli bango. Na ce, "Ɗan mutane ne."

Barau ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, ki yi wa Allah. Nan ba gidan suna ba na. Rantsuwa ni yi, abin da kic ce shi za ni hwaɗi."

Na ce, "To faɗi mana."

Ya faɗi. Alƙali ya ɗago kai. "To mene ne sunansa?"

"Ku tambaye shi. Ai yana da baki."

(A lokacin har daɗi nake ji a raina, wai na nuna wa Larabawa tarbiyya.)

Alƙali ya ajiye alƙalami, ya naɗe takardar. Barau ya juyo fuska a murtuke. "Ya ce wanda uwa tai ba ta amsa shi ba, ba shi riƙa alƙalamin shari'a."

Sai na dubi yaron. Kansa a ƙasa, gumi na sauka daga hularsa. Bai ce komai ba. Ni na koya masa shirun.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira sunansa da ƙarfi, har na bakin ƙofa suka leƙo. Na kira na ubansa da na kakansa. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ina! Bakin da ya shekara ashirin a ɗaure ya kunce. Na faɗi unguwa, na faɗi ɗaki, na faɗi ungozoma. Na ce kwana biyu na yi a durƙushe ina naƙuda, na ce in suna so su biyo ni in nuna musu inda aka binne cibiyarsa.

Barau ya ɗaga hannu. "Hajiya, wanga kam ba ni fassara shi."

Hausawan da ke ɗakin suka fashe da dariya. Barau ya yi wa alƙali bayanin al'adarmu. Tsohon ya yi dariya har ya share ido da gefen rawani. Ya ce ya ga mata suna faɗa a kan ɗan da ba nasu ba, amma bai taɓa ganin wadda ta yar da nata saboda ladabi ba. Ya buga hatimi.

Kafin in isa Mansur labari ya riga ni. Wata guda matan unguwa suna zuwa sayen ƙosai suna cewa, "Uwar alƙali, kwana nawa ma kika yi a durƙushe?" Sai in zuba musu ƙosansu.

Yaron ya yi aikin rubutun, ya zama mataimakin alƙali, aka tura shi alƙalanci wani ƙaramin gari a bayan Ɗa'ifa, daga baya ya dawo Makka. Ban taɓa jin an ce ya danne wa wani haƙƙi ba. An kuma gaya mini duk tsohuwar Bahaushiyar da ta zo shaida gabansa ta tsaya tana nauyin baki, ba ya naɗe takarda. Yakan sallami maza, ya sake tambayarta da Hausa.

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma in za ki shiga mahkama, ki tuɓe ta tare da takalmi a bakin ƙofa. Babu mai sace miki.